Shafuka Goma Sha Shida na Ƙarshen Gimbiyar Tafki

"Jaki fa ka ce, Uda."

"Ban ce jaki ba, Nelvi. Cewa na yi wanda ya rubuta su bai san bambancin alƙalami da ludayi ba."

"To ai gara jakin."

Nelvi ta ja gefen mayafinta ta share hawaye, wasu suka biyo baya. A tsakiyar matakalar da ke hawa Kasuwar Sama suke tsaye, masu kwandunan barkono suna ratsa su suna tsaki. Nan kaɗai ya rage musu wurin haɗuwa, domin yau kwana tara ke nan da mahaifinta ya ce kada ƙafar Irwandi ta sake taka maɗaba'arsu.

Maɗaba'ar tana ƙasan benen da kakarta ta bari, a nan Bukittinggi, kuma da tsofaffin littattafai take ci. A nemo labaran da kakanni suka rubuta da ajami, a juye su zuwa boko, a buga, a kai kasuwa. Duk a cikinsu babu wanda ya riƙe gidan kamar Gimbiyar Tafki. Shekara talatin da shida ana buga shi. 'Yan matan garin, har waɗanda ba su taɓa karanta farkonsa ba, sun haddace ƙarshensa.

Bana Nelvi ta matsa aka yarda a yi sabon bugu saboda yaran yanzu: sabon bango, manyan haruffa, da ɗan bayanin tsofaffin kalmomi a ƙasan shafi. Aka ɗauko Irwandi, malamin tsohon adabi, ya rubuta bayanan. Kafin su kai babi na bakwai ta daina ce masa Malam, ta koma Uda, yadda matan garin ke kiran yaya ko masoyi. Kafin babi na goma, Amak, mahaifiyarta, ta fara ƙara awon shinkafar rana saboda shi.

Sai ƙaddara ta kai shi wani tsohon masallaci a bakin tafki, inda ya tarar da cikakken littafin, rubutun hannu, a cikin akwatin katako. Ko gida bai biya ba. Da laka a takalminsa ya faɗo musu ana cin abincin rana, ya zauna, ya karɓi kwano, ya buɗe baki.

Ya ce shafuka goma sha shida na ƙarshen bugunsu jabu ne, wani ne ya ƙaga su ya liƙa. Ya ce Mai Jirgi, jarumin da ya yi shafi ɗari biyu yana magana da sarakuna ido cikin ido, haka kawai ya wayi gari da i'ina, yatsunsa baƙi ƙirin, yana yawo da lema. Ya ce wani yayan gimbiya ya faɗo daga sama, alhali tun farkon littafi ita kaɗai iyayenta suka haifa. Daga nan ya kawo maganar ludayi, yana dariya, da naman rendang a bakinsa.

Apak, mahaifinta, ya wanke hannu bai ƙoshi ba. Ya miƙe ya nuna ƙofa da yatsa, don shi in ransa ya ɓaci magana ba ta fita.

"Ni fa albishir na kawo," in ji Irwandi, yana rungume da jakarsa ta fata. "Na ɗauka kaza za a yanka mini."

"Kai aka kusa yankawa."

"Nelvi..."

"Ka bar ni in yi kukana. Kwana tara ban ci abin kirki ba. In na ji ƙarar injin bugu sai in ga kamar takunka ne a matakala. Jiya na tsara shafi guda a kife ban sani ba." Ta ja hanci. "Apak ya ce abu ɗaya ne zai sa ya yafe. Ka rubuta a gabatarwa cewa ka bincika, ƙarshen namu shi ne na asali. Layi biyu kacal, Uda."

"Layi biyun ƙarya."

"Ni ban kai layi biyu ba?"

Idanunsa suka kawo ruwa, ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Kin kai littafi dubu. Da cewa kika yi in faɗa kwazazzabon Sianok, da yanzu ana neman gawata. Amma ƙaryar baki iska ke kwashe ta, wadda aka buga kuwa tana nan bayan an binne mu. Jikokinmu za su karanta."

"Waɗanne jikokin? Jikokin Jufri dai."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kawu Bustami, yayan mahaifiyarta, wanda auren 'ya'yan gidan ke hannunsa, ya daɗe yana tallar Jufri. Shi Jufri ta waya yake sayar da littattafai. Ya kafa ta a gabansa, ya ɗaga littafi, ya yi ta surutu kamar ɗan gwanjo har kwali goma ya ƙare kafin la'asar. Bai taɓa buɗe littafi ba sai don ya nuna wa masu kallo farin takarda. Amma tun da ya ji labarin abincin ranar nan, aka ce ya shiga ɗaki yana hadda.

"Jibi Lahadi Kawu zai ɗauki tiren ganyen sirih, kamar yadda al'adarmu take, ya ja matan gidanmu zuwa gidan su Jufri neman aurensa," in ji Nelvi. "Ka sani sarai, in uwarsa ta ɗauki ganye ɗaya ta tauna, magana ta ƙare."

"Amak fa, me ta ce?"

"Tun ranar ba ta ce uffan ba. Girki kawai take yi kamar mai ciyar da gari. Ni Apak nake tausayi. Uda, zuciyata na gaya mini shi ya rubuta su."

Irwandi ya dafe kai.

"Innalillahi. Na zagi surukina da namansa a bakina."

"Gobe bayan azahar za a zauna a gida. Ka zo ka durƙusa. Kuma don Allah, don Annabi, ka bar jakar nan a gida."

*

Da jakar ya zo.

An shimfiɗa tabarmi a babban ɗakin bene. Kawu Bustami ya hakimce a kan matashi, yana sosa kunnensa na hagu da mukullin shago, kamar yadda ya saba in zai yanke hukunci. Kunnen nan tun haihuwa ya fi ɗan'uwansa girma, kuma a gidan an yi tarbiyyar rashin kallonsa. Apak yana zaune jikin taga, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yatsun da tawadar shekara arba'in ta ƙi fita daga cikinsu. Jufri ya zo da riga mai ƙyalli da waya biyu, turarensa ya danne ƙamshin shayin ƙwan da Amak ke zubawa.

Nelvi ta raɓe kusa da mahaifiyarta.

Irwandi ya durƙusa a gaban Apak har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Apak, baki shi ke yanka wuya. Na ci abincin gidan nan na saka da rashin kunya. Ina neman gafara a kan ludayi, da dariyar, da duk abin da harshena ya jawo." Ya ɗago kai. "Amma shafukan ba na asali ba ne."

Nelvi ta rufe ido. Da ƙasa za ta tsage, da ta shige ta ja shi.

"Ka ji ko, Sutan?" Kawu ya ce wa Apak, yana kiran sa da sunan sarautarsa. "Haƙuri mai wutsiya. Ni dai don amfaninku nake yi. Jufri, tashi ka nuna musu yadda ake girmama littafin gida."

Jufri ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya ɗora hannu a ƙirji, ya saki muryar da yake sayar da kwali goma.

"Sai yayan gimbiya ya shigo, kunnensa na hagu ya riga shi shigowa, yana sosa shi da mukulli. Ya ce, ƙanwata, mai gishiri ya fi mai jirgi. Ni dai don amfaninki nake yi."

"Madalla," in ji Kawu, yana gyaɗa kai, mukulli a kunne. "Mutanen da sun iya tsara magana."

Nelvi ta buɗe ido.

Ta karanta shafukan nan ya fi sau ɗari. Da hannunta ta tsara su a bugu uku. Amma ba ta taɓa jin an karanta su da ƙarfi a ɗakin nan, a gaban fuskokin nan ba. Ta dubi mukullin. Ta dubi yatsun Apak. Ta ɗaga kai ta dubi tsohuwar baƙar lemar da ke rataye a bayan ƙofa, mai karyayyen haƙarƙari biyu, wadda Amak ta taɓa marin hannunta don ta ce a yar.

Jufri ya yi gaba.

"Gimbiya ta ce, ya kai Mai Jirgi, shekara biyu kana gaishe ni ba ka ƙarasa gaisuwar ba. In kana so na, ka hau benenmu ranar... ranar..."

Ya saci kallon tafin hannunsa, gumi ya riga ya wanke abin da ya rubuta.

"Alhamis," aka ce a hankali. "Kafin la'asar. Ko ana ruwa, ko ana iska."

Amak ce, tana zuba shayi, ba ta ɗago ba. Ba wannan ne ya tsayar da numfashin Nelvi ba, don rabin matan garin za su iya ƙarasa layin. Abin da ta gani shi ne Apak, dattijo mai furfura, ya sunkuyar da kai yana wasa da zaren tabarma kamar saurayin da aka kama.

"Amak," ta ce, "wace rana Apak ya fara hawowa benen nan?"

Amak ta ajiye butar shayin. Ta dubi 'yarta.

"Alhamis."

"Ana ruwa?"

"Kamar da bakin ƙwarya."

"As-Asnimar," Apak ya ce, "ki b-bari."

"Na bari shekara talatin da shida, Uda Darwis. Ya isa."

Ta gyara zama, ta share hannu a zaninta.

"Ina da shekara goma sha tara, ina naɗe takarda a ƙasa. Mahaifinmu ya sayo littafin nan, aka jera shafi ɗari biyu da haruffan dalma, sannan aka tarar gara ta cinye ɗaurin ƙarshe. Saura kwana goma kasuwar Sallah. Baƙin ciki ya kwantar da shi. A satin ne kuma wani mai son amfanina ya ce za a kai tirena gidan mai gishiri." Ba ta kalli Kawu ba. "Ga mai jera haruffa, kullum in na wuce sai ya ce 's-s-san', kafin ya kai 'nu' na kai ƙofa. Sai na ce bari in jefi tsuntsu biyu. Na zauna kwana uku na rubuta, na ce a ƙarƙashin akwati na tsinto, na miƙa masa ya jera. Harafi ɗaya-ɗaya yake ɗauka da yatsunsa, amma sai da ya kai shafi na goma sha huɗu ya gane da shi ake."

"Na sha b-biyu."

"Na sha huɗu. Ina kallon ka, a nan ka kifar da akwatin haruffa."

Apak ya ɗago, idanunsa sun yi ja. Ya dubi Irwandi.

"Ni a z-zage ni, ba komai. Amma ba ita ba."

Hawaye suka ɓalle wa Nelvi. Kwana tara tana zaton girman kai ne ya hana mahaifinta sakat, ashe gadi yake yi. Wace irin soyayya ce wannan, da mutum zai yarda ya zama mugu a idon 'yarsa don kada a yi wa matarsa dariya?

Amak ta juya ga Irwandi, wanda gumi ya jiƙa har wuyan riga.

"Ludayi ka ce ko?"

"Na ce, Amak."

"Naman ya yi daɗi?"

"Ya yi, Amak."

"To hannun ɗaya ne. Yanzu da ka san mai rubutun, za ka rubuta mana layi biyun?"

Nelvi ta kafe shi da ido tana roƙonsa ba baki. Shi kuwa jakarsa ya ƙara ƙanƙamewa.

"A'a, Amak. In a matsayin ƙarshen littafin ne, ba nasa ba ne, ko za a yanka ni. In kuwa a matsayin wasiƙa ne, na karanta tsofaffin wasiƙu sun fi ɗari uku, ban taɓa ganin wadda amsarta ta zauna a gabana tana kuka ba sai wannan."

Ya kalli Nelvi. Ta rufe fuska da mayafi.

Amak ta yi ɗan murmushi.

"Da ka ce eh, da ni zan raka ka ƙofa da ludayin. Buɗe jakar nan. Shekara talatin da shida tambaya ɗaya ke cin raina. Yaya aka ƙare?"

Ya fito da hotunan shafukan ajamin, amma bai ko duba su ba.

"Mai Jirgi ya tafi fataucin kirfa. Ya ce in ya dawo zai yi magana. Jirgin ya nutse. Gimbiya ta tsufa a bakin tafki tana jiran sa."

Amak ta ɗauke wani abu daga gefen idonta da ɗan yatsa.

"Na san za a rina. Shi ya sa ban bar wa nawa zaɓi ba."

"To ni yanzu," in ji Jufri, wanda har lokacin yana tsaye da hannu a ƙirji, "kwana tara na rufe waya, ashe wasiƙar Amak nake hadda?" Idanunsa suka fara ƙyalli kamar rigarsa. "Wallahi in na ba da labarin nan a waya, kwali hamsin ba zai kai azahar ba."

"Ku tsaya."

Kawu Bustami ne. Mukullin ya tsaya cak a kunnensa. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi Apak, ya dubi kowa, kowa ya sami abin kallo a tabarma.

"Wai mai kunnen nan wane ne?"

Jufri, da yake mutum ne mai son taimako, ya ce, "Akwai saura, Kawu. Inda yake minshari har kifayen tafki suka yi ƙaura. Na haddace shi tsaf, in kawo?"

"Zauna."

Kawu ya sauke hannu a hankali.

"Shekara talatin da shida. Da hannuna nake kai littafin nan gidajen biki. Mata su karɓa, su dube ni ta hagu, su yi murmushi. Ni na ɗauka farin jini ne."

"Da ka karanta shi ko sau ɗaya, Yaya."

"Ni mai sayarwa ne, ba mai karantawa ba." Ya buga hannu a matashi. "To ku ji. Har yanzu tiren gidan nan a hannuna yake. Lahadi gidan su Jufri za a. Kuma a cire yayan nan daga sabon bugu, har da kunnensa."

Nelvi ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Hawaye bai bushe a kumatunta ba, amma ta tuna jinin wadda ke jikinta. Yarinyar da ta gabace ta a gidan nan ba ta zauna a bakin tafki ba.

"Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Ni ke tsara shafuka. In Amak ta yarda, ƙarshe biyu za mu buga, na asali da nata, da sunanta a kai."

"Asnimar, da manyan haruffa," in ji Amak.

"Yayan gimbiya kuma yana nan, don 'yan mata sun haddace shi, in aka cire za su dawo mana da littafi." Ta juya. "Uda, ɗan bayanin nan da kake yi a ƙasan shafi. In mai karatu bai gane wanda ake nufi ba, aikin wa ne ya bayyana masa?"

Irwandi ya gyara tabarau.

"Aikina ne. Wajibi ne a ilmance."

"Da cikakken suna?"

"Da sarautarsa, da layin da shagonsa yake a Kasuwar Sama."

"Da hoto?"

"In an samu wanda aka ɗauka ta hagu."

Wani sauti ya kuɓuce wa Apak, ya mai da shi tari.

"To in kuma mutumin ya zama kawun matarka fa?" in ji Nelvi.

Irwandi ya yi nazari da gaske, kamar wanda aka yi wa tambayar jarrabawa.

"Sai a bar wurin babu bayani. Shiru ba ƙarya ba ne."

Kawu ya waiwaya wajen Jufri, ya tarar yana latsa waya yana lissafin kwalaye da leɓe. Ya waiwaya wajen ƙanwarsa.

"Asnimar, kina ji 'yarki tana yi mini barazana a cikin gidan uwarmu?"

Amak ta tura masa kofin shayi gabansa.

"Don amfaninka take yi, Yaya."

Kawu ya dubi kumfar shayin. Sannan ya jefa mukullin a aljihu, ya ja hularsa ta gefen hagu iya yadda za ta sauka, ya miƙe tsaye.

"A wanke tiren nan, a nemo ganye mai kyau. Ba Lahadi ba, Alhamis, kafin la'asar. Gidan su mai jakar nan za mu, kuma ni zan ɗauka da hannuna. Sutan, ka ara mini lemar."